A jira sabon furosesa ko a saya yanzu? Lissafi daga kasuwar kwamfuta ta Jidda

Ɗan yayata ya yi wata bakwai yana tara kuɗin haɗa kwamfutar tebur. Sana'arsa tace bidiyo. Masu kamfanonin Umara daga Kano da Yamai sukan ɗauki maniyyatansu a Makka da Madina su turo masa, shi kuma ya yanke, ya jera, ya ɗora rubutu, ya mayar musu kafin ayari ya koma gida. Da dare in aiki ya lafa sai ya buga wasa da abokansa. Wata Alhamis bayan Isha'i na raka shi titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suke a jere, riƙe da takardar da ya rubuta duk kayan tajmi'arsa, kamar yadda yaran nan ke kiran kwamfutar da aka harhaɗa da hannu. A shago na uku mai shagon ya daddanna kalkuleta ya juyo masa da fuskarta. Yaron ya duba, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

"Kawu, mu tafi. Gara in jira sababbin. An ce na Intel ƙwaya 52 ne, na AMD kuma zai wuce gigahaz 6 nesa ba kusa ba. Da sun fito waɗannan za su faɗo."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Kowa ma faɗa yake."

Furosesa, ko mu'alij a bakin masu shagunan nan, ɗan ƙaramin murabba'i ne da bai cika tafin hannu ba, amma duk lissafin da kwamfuta ke yi ta cikinsa yake bi. Kamfanoni biyu ne suka raba kasuwarsa a kwamfutocin tebur masu Windows, Intel da AMD, duka na Amurka. Abin da suka faɗa da bakinsu game da masu zuwa bai taka kara ya karya ba. Intel ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa zubin da ya sa wa suna Nova Lake zai fito a ƙarshen 2026. AMD ya tabbatar da cewa ƙirar Zen 6 ta 2026 ce, kuma tun a Afrilun 2025 ya sanar da cewa na manyan cibiyoyin adana bayanai, wanda ake kira Venice, kamfanin TSMC na Taiwan ne zai ƙera shi da fasahar nanomita 2. Sauran kuwa, batun ƙwaya 52 (ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa), da sabon gurbin da ake kira LGA1954 (mazaunin furosesa a kan madabod, wato babban allon kwamfuta), da cewa Ryzen na AMD zai tashi daga ƙwaya 16 zuwa 24, duk daga bakin masu tsegumi suka fito. Ba na raina su, domin takardun jigilar kaya da masu ƙera madabod suna yoyo, kuma sau da yawa adadin ƙwayoyi da sunan gurbi sukan zo daidai da yadda aka tsegunta. Inda tsegumi ke yawan faɗuwa ƙasa warwas wuri biyu ne, sauri da farashi, kuma su ne abin da yaron nan yake jira.

Farashi ma ba abu ne da ake rufewa da wuri ba. A Yulin 2019 AMD ya rage kuɗin katunan hotonsa na RX 5700 saura kwana biyu su shiga kasuwa, saboda Nvidia, abokin hamayyarsa a katunan hoto, ya riga shi fito da nasa. In mai kaya da kansa yana iya sauya magana ana jibi kasuwa, wanda ya ce ya san kuɗin abin da zai fito nan da wata goma, kifi yake sayar maka a ruwa.

Batun sauri ya fi ruɗarwa, don lambar da aka fi ɗagawa, wato gigahaz, ma'aunin bugun agogon furosesa, ita ce ta fi ƙarancin bayani. A 2004 Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8. Shekara ashirin bayan haka, Core i9-14900KS na 2024 ya tsaya a 6.2. Ko ninki biyu ba a yi ba, alhali kwamfutar yau ta ninka ta wancan zamani a aiki sau da yawa. Abin da ya tsayar da tseren gigahaz zafi ne: ƙara bugun agogo kaɗan yana jawo ƙarin wuta mai yawa, wutar kuma ta zama zafin da dole a fitar da shi. Sai injiniyoyi suka koma wasu hanyoyin.

Wanda ya taɓa leƙa madafar da ake dafa wa alhazai abinci zai gane su nan take. Ƙwayoyin furosesa su ne masu dafuwa, gigahaz kuma saurin hannun kowannensu. RAM shi ne sito, yana can ƙarshen baranda. Akwai kuma ɗan teburin da ke gefen murhu, wanda ake kira kash, inda ake ajiye abin da hannu ke yawan kaiwa. In aikin zuba shinkafa ne a mazubi dubu biyar, ƙarin hannaye alheri ne, kowa ya ɗauki layinsa. Haka fitar da bidiyo yake, ana iya yayyanka shi a raba wa ƙwayoyi ashirin. In kuwa miya ɗaya ce da sai an soya albasa kafin a zuba tumatir, ko mutum hamsin ka tara, tsayuwa za su yi suna kallon mutum ɗaya. Yawancin wasanni sun fi kama da miyar. Abin da ke cin lokacin mai miyar shi ne zirga-zirga zuwa sito, don haka faɗaɗa masa teburin gefen murhu ya fi ƙaro masa mataimaka.

Wannan ita ce dabarar da AMD ya ci kasuwar 'yan wasa da ita. A Afrilun 2022 ya fito da Ryzen 7 5800X3D, ya ɗora ƙarin kash a kan ƙwayoyin, daga megabait 32 zuwa 96. Agogonsa ma bai kai na ɗan'uwansa 5800X ba, 4.5 ne a kan 4.7, amma a wasa ya bar shi a baya. Jikansa, 9800X3D, ya fito a Nuwamban 2024 da ƙwaya 8 kacal a kan dala 479, ya kuma doke Core Ultra 9 285K na Intel mai ƙwaya 24 da dala 589 a yawancin wasannin da aka gwada. A juya zuwa fitar da bidiyo ko zanen gini, sai na Intel ɗin ya shige gaba da tazara. To wanne ya fi sauri? Sai an fara tambayar me za a dafa.

Su kansu ƙwayoyin ba duka ne ɗaya ba. A cikin 24 na Intel ɗin nan, 8 ne manya, 16 ƙanana ne masu tsimin wuta, kuma 52 ɗin da ake tsegumi ma haɗin gambiza ne irin wannan, manyan su ne 'yan tsiraru. Masu dogon tunani za su tuna FX-8150 na AMD a 2011, wanda aka yi ta kururuta shi da cewa ƙwaya takwas ne, ya fito ya kasa kamo Core i7-2600K mai huɗu a ayyuka da dama. Maganar har kotu ta kai a Amurka kan yadda aka ƙirga ƙwayoyin, a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 12.1 don a rufe ƙarar.

Yanzu ga gasa, wadda ita ce ginshiƙin fatan ɗan yayata. Yana da hujja. Shekaru da dama Intel yana sayar wa talaka ƙwaya huɗu, duk shekara a ɗan ƙara gishiri a sauya lamba, mai son takwas kuma ya tanadi sama da dala dubu. A Maris na 2017 AMD, ƙarƙashin Lisa Su, ya fito da Ryzen 7 1800X mai ƙwaya 8 a dala 499. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya fito da i7 mai ƙwaya shida. Babu wani sabon ilimi da ya sauka a watannin nan, maƙwabci ne kawai ya buɗe shago. Sai dai labarin yana da kashi na biyu da masoya AMD ba su cika son a tuna ba. Da ya ga ya hau sama a Nuwamban 2020 da Ryzen 5000, sai ya ƙara dala 50 a kan kowane mataki, mai ƙwaya shida ya koma 299. Wanda ke gaba ba ya rangwame, ko wane ne shi. Na baya ne ke yi, shi ya sa Core Ultra 7 265K na Intel mai ƙwaya 20, da ya fito a dala 394 a Oktoban 2024, ya sauko zuwa wajen 300 a Mayun 2025, da Intel ya ga 'yan wasa sun juya masa baya.

Intel kuwa ya sha jiki a 'yan shekarun nan. An raba gari da shugabansa Pat Gelsinger a Disambar 2024, Lip-Bu Tan ya karɓa a Maris na 2025, a Agusta gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin, a Satumba Nvidia ya ce zai zuba dala biliyan 5. Abin da ya fi ciwo ga kamfanin da ya yi suna da masana'antunsa shi ne, ɓangaren lissafi na Core Ultra 200 na tebur TSMC ne ya ƙera masa. Mai rauni irin wannan yana da dalilin karya farashi don ya dawo da jama'a, yana kuma da dalilin ƙin karyawa, tunda kuɗi yake nema ido rufe kuma sabon shugaban ya nuna ba ya son kayan da ba riba. Wanne zai rinjaya? Ni dai hasashena, in har Nova Lake ya zo da babban kash ɗin da ake faɗa kuma ya kamo X3D, Intel zai sa masa kuɗin wanda ya kamo. Rangwamen zai sauka ne a kan na tsakiya da kuma na bara.

Akwai kuma abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya, wanda babu shi a 2017. A da mai haɗa kwamfuta a ɗakinsa babban baƙo ne a wurin waɗannan kamfanoni. Yau ƙirƙirarriyar basira ta zo da masu sayen da ba sa taya kaya. Dubi yadda AMD ke ƙira: ƙananan gutsattsari yake yi, kowane da ƙwaya 8, irin gutsuren da ke cikin Ryzen kuma shi ne ake jerawa a cikin EPYC na manyan cibiyoyi. Gutsure ɗaya a cikin Ryzen 7 9700X ya fito a dala 359. Guda 16 a cikin EPYC 9755 mai ƙwaya 128 sun fito a dala 12,984, wato sama da 800 kowane. Kai ne mai kaya, layin TSMC kuma a cike yake, Apple ya saba kwashe kason farko na kowace sabuwar fasaha, Nvidia na tsaye a bayansa. Ina za ka fara kai gutsurenka? Ba mamaki da sunan Venice aka fara ji da bakin kamfani, na tebur kuwa sai a bakin masu tsegumi.

Amma abin da ya sa yaron nan ninke takarda ba furosesa ba ne. Kuɗin furosesan da ya rubuta bai motsa sosai ba. RAM ne ya ninka abin da ya rubuta watannin baya fiye da sau biyu. Kamfanoni uku ne ke ƙera kusan duk ƙwaƙwalwar ajiyar duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma duk sun karkata layukansu zuwa nau'in HBM na ƙirƙirarriyar basira da na manyan cibiyoyi, inda ribar take. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM nau'in DDR5 ya yi tashin gwauron zabi. A Disamba Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayan Crucial ga ɗaiɗaikun mutane baki ɗaya, sunan da duk wanda ya taɓa ƙara wa kwamfutarsa RAM ya sani. Mu da ke zaune a ƙasar nan ma ba 'yan kallo ba ne a wannan rububi. A Mayun 2025 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya kafa kamfanin ƙirƙirarriyar basira mai suna Humain, aka sanar da haɗin gwiwar dala biliyan 10 da AMD da kuma kason farko na kwakwalen Nvidia 18,000. Ƙasar da ta fara karɓar gasar wasannin kwamfuta ta duniya a Riyad a 2024, mai kyaututtukan sama da dala miliyan 60, ita ce kuma take cikin layin masu sayen da suka sa tajmi'ar ɗan wasa ta yi tsada. Ba zargi nake yi ba, yadda kasuwa take ke nan.

Shi ya sa duk wanda ke kallon kuɗin furosesa shi kaɗai, kuɗin amarya yake ƙirgawa ya manta da kayan ɗaki. Sabon furosesa yakan zo da sharaɗin gida. AMD ya yi suna da riƙon gurbi: AM4 ya ɗauki Ryzen na farko, har 2024 ana fito masa da sababbi, AM5 kuma da ya zo a Satumban 2022 an yi alkawarin riƙe shi zuwa 2027 ko fiye. Intel ya sauya daga LGA1200 a 2020 zuwa LGA1700 a 2021, zuwa LGA1851 a 2024, in tsegumi ya tabbata kuma wani na tafe. Ma'ana wanda ya sayi madabod na AM5 yau yana da kyakkyawan zaton ɗora Zen 6 a kai gobe, wanda ya sayi na Intel na yanzu kuwa ya ɗauka gidan haya ne. Na kuma lura wannan hujja an fi ƙarfafa ta fiye da ƙima. Mutum nawa ne cikinmu suka taɓa cire furosesa suka sa wani a madabod ɗaya? Yawanci sai kwamfuta ta shekara biyar ko shida a sayar da ita ɗungurungum a Haraj, kasuwar kayan hannu na biyu, a haɗa wata. Wanda ya san halinsa ke nan, kada ya biya kuɗin ƙofar da ba zai taɓa bi ba.

Farashin da ake sanarwa a Amurka kuma ba shi ne namu ba, ko da yake mun fi 'yan'uwa na gida sauƙin lissafi, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Wancan farashin babu haraji a cikinsa, mu kuwa tun Yulin 2020 harajin saye kashi 15 ne. Dala 479 ta zama riyal 1,796, da haraji wajen 2,066, kafin mai shago ya ɗora nasa. A makonnin farko na kaya mai farin jini, abin da yake ɗorawa ba kaɗan ba ne, don 'yan ƙwayoyin da suka iso ba sa kwana. Haka aka yi da 9800X3D a ko'ina cikin duniya, watanni ana nemansa. Mai cewa zai jira ranar fitowa, a gaskiya ranar fitowa da ƙarin wata uku ko huɗu yake jira, sai ƙura ta lafa. Wanda zai aika wa ƙani a Kano ko Zinder kuwa, ya ƙara da canjin naira ko sefa, ya kuma san garantin da ke kan fatura, wato rasit, ba zai bi kayan cikin jirgi ba.

Garantin nan ba abin wasa ba ne, don sabon zubi yakan zo da laulayinsa. A 2023 an samu wasu Ryzen 7000X3D da suka ƙone a gurbinsu saboda wutar da wasu madabod ke turawa ta yi yawa, sai da aka fito da gyaran BIOS, manhajar da ke cikin madabod. A 2024 Intel ya amsa cewa manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa a hankali saboda neman wuta fiye da kima, ya fito da gyara a Agusta da Satumba, ya ƙara shekara biyu a garanti, amma wanda ya riga ya taɓu ba ya warkewa da gyaran. Duk mai sayen i7 ko i9 na waɗannan zubi a hannu na biyu ya riƙe wannan. Ryzen 9000 ma sai da aka ɗage fitowarsa daga ƙarshen Yuli zuwa Agustan 2024, da ya fito kuma ƙarin saurinsa a wasa bai kai yadda aka yi ta zuzutawa ba.

Sai zafi, wanda masu gwaji a Turai ba sa lissafa mana. Kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba: a kan halala 18 kowane kilowat-awa na gidaje, bambancin wat 100 na awa shida kullum bai wuce riyal uku da 'yan kai a wata ba. Damuwar ita ce furosesan da ke iya jan wat 250 a ɗakin da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke nishi a watan Agusta, ga ƙura, ga danshin teku. Da ya kai digiri 95 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don ya tsira. Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a ɗaki mai sanyi. A unguwar Hindawiyya ko Karantina, furosesa mai wat 65 ko 120 da fanka mai kyau yakan riƙe saurinsa ya fi ƙaton da ke tafasa.

Duk wannan na zayyana wa yaron a mota, ban kuma ce masa jira haramun ba ne. Wanda kwamfutarsa ke yi masa aiki lafiya, ya jira, babu abin da ya rasa, kuma in manyan biyun suka yi karo a ƙarshen 2026 zai tsinci na bara da sauƙi, in RAM ya yarda. Shi kuwa laptof ɗinsa minti arba'in yake ɗauka kafin ya fitar da bidiyon minti goma, ga azumi ya ƙarato, lokacin da Umara ke cika aikinsa ya ninka. Na ce ya ƙirga ayyukan da zai mayar saboda na'ura ba ta iyawa daga nan zuwa bayan Hajji, ya kwatanta da riyal ɗari uku ko huɗu da yake fatan ragewa. Na kuma tuna masa cewa kaso mafi yawa na lokacinsa tace bidiyo ne, wasa na dare ne kawai, don haka X3D ɗin da abokansa ke yi masa kirari ba don shi aka yi ba. Mai ƙwaya 20 na Intel da aka karya wa farashi, wanda kuma ke da sashe na musamman mai warware bidiyon waya da kyamara, ya fi dacewa da abincinsa, ko da gidan haya ne.

Bai ce komai ba har muka iso gida. Ranar Asabar ya kira ni daga shagon. Ya soke akwatin gilashi mai fitilu, ya soke na'urar sanyaya ta ruwa ya ɗauki fanka, kuɗin ya zuba a RAM gigabait 32 marar ado.

"Kawu, mai shagon ya ce in ƙara ɗari biyu ya ba ni madabod mai Wi-Fi."

Na ce, "Ina rauta ɗinka take?"

Ya ce, "A kan teburin."

Na ce, "To sayi waya ta riyal goma ka jona."